GASHIN NAMA A GIDA CIKIN BAZARA

Ku 'yan ajin yaƙi da jahilci na ƙasar Boɗinga da ta Shagari, karatunmu na yau a kan nama ne. Na san wani zai yi dariya, ya ce, yau kuma malamin boko ne zai koya mana gashi? Ba haka ba ne. Rundawanmu, watau mahauta, sun fi ni sanin wuƙa da wuta nesa ba kusa ba. Amma maigida ba mahauci ba ne. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara ya ke hura wutar gashi, ran Salla, ko ran suna, ko in an yi baƙo mai daraja. Wanda ba ya yin aiki kullum kuwa, shi ne aiki ya kan ba kunya.

Ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana yanzu. Ku lura da waɗannan kwanaki. A shekarar 2024 an yi Babbar Salla ran 16 ga Yuni. A 2025 an yi ta ran 6 ga Yuni. Ko wace shekara ta kan matso baya da kwana 10 ko 11, domin shekarar wata ta fi shekarar rana gajarta. Watau layya ta bar damina ke nan, ta doshi bazara, za ta kuwa yi shekaru a cikinta. Yaran da ke taya ku riƙon rago yau ba su taɓa ganin layyar bazara ba, domin sai bayan shekara 33 ta ke zagayowa. A ƙasar Sakkwato zafin watan Afrilu da na Mayu ya kan wuce digiri 40 a ma'auni. Naman da zai kwana lafiya cikin hunturu, a bazara ba ya yin yini.

Wurin hura wuta

Kafin a wasa wuƙa, a zaɓi wuri. A bazara komi na gida ya bushe ƙayau: danni, da zana, da jinkar rumbu, da harawar da aka tara kan rumfa, da karan da aka jingine a kusurwa. Tartsatsi ɗaya ya ishe su. Sabo da haka a nemi fili, a ƙirga taki goma daga ko wane abu mai kama wuta. In tsakar gida ba ta kai ba, a fita ƙofar gida, ba abin kunya ba ne. A share wurin sarai. A haƙa ɗan rami, zurfin taƙi ɗaya, domin iska kada ta kwashi garwashi. A ajiye tulu biyu cike da ruwa, da kwandon rairayi, kusa da hannu.

Na ga abin da rashin wannan ya yi a wani ƙauye da na je duba aji. Mutumin kirki ne, ya hura wutarsa gab da danni don ya sami inuwar bedi. Da la'asar hadari ya taso daga gabas. Kun san irin iskar da ke gaban ruwan farko, ba ta sallama. Kafin a ɗebo ruwa daga rijiya rumbu biyu sun tafi, ɗaya nasa, ɗaya na maƙwabci, ga shi kuwa irin shuka yana ciki. Ragon bai ƙone ba. Gero ne ya ƙone, saura mako uku a yi shuka.

In kun ga gabas ta yi duhu, ko guguwa ta fara yawo, ku janye naman, ku rufe wuta da rairayi. Ana iya hura wata.

Itace da gawayi

Ba ko wane itace ya dace da gashi ba. Gawayin ƙirya ya fi, shi ya sa maƙera ke nemansa: yana da zafi, yana daɗewa, ba ya yawan hayaƙi. Marke ma yana da kyau. Ɗanyen itace hayaƙi kurum ya ke yi, ya sa nama ɗaci. Tumfafiya kuwa a bar ta, kada a yi tsinken tsire da ita, ƙaron nan nata fari mai dafi ne. Haka nan katako mai fenti, da tsohon kyauren da aka shafa wa maganin gara. Kuma wanda ya sare itace ɗaya domin Salla, ya dasa biyu da damina, kun dai ga yadda dajinmu ya koma.

Akwai wata mummunar al'ada da ta shigo, ta babbake kai da ƙafafu da tsohuwar taya ko leda. Baƙin hayaƙin nan guba ne, yana manne wa fata, ba ya fita duka ko an kankare. Iyayenmu da kara su ke babbaka, kara kuwa bai ƙare ba.

Kada a zuba fetur ko kalanzir a wuta mai ci, ko a garwashin da ya ke kamar ya mutu. Wutar ta kan bi man ta hau har cikin galan ɗin da ke hannunka. A kunna da kara da ƙirare, a yi fifita, a yi haƙuri.

Kuma kada a shiga da gawayi mai ci cikin ɗaki a rufe ƙofa, wai don gudun iska ko ɓarayin nama. Gawayi yana fid da wata muguwar iska wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum sai ya ji ciwon kai da barci, ya kwanta, ba ya tashi.

Duba dabba

Yanzu sai dabbar kanta. Allah ya ba ƙasarmu dabbobi masu kyau, ga tumakin uda da balami, ga shanun gudali, ga jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Wannan fata dukiya ce, sabo da haka mai fiɗa ya yi aiki da dunƙulen hannu fiye da bakin wuƙa, kada ya huda ta.

Amma akwai dabbar da ba a ci, ba a ko fiɗe ta. In saniya ko tunkiya tana lafiya da safe, da rana ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta dubura, ba ya daskarewa, to, ana tsoron ciwon saifa. Kada a ce a yi maza a yanka kafin ta mutu don kada a yi hasara. Cutar tana kama mai fiɗa ta ɗan rauni a hannu tun nama bai ga wuta ba. A cikin watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullar wannan cuta a wata gona a ƙasar Suleja, cikin Jihar Neja. Abin yi shi ne a hana yara da karnuka zuwa wurin, a aika a kira malamin dabbobi.

In dabba lafiyayya ce an yanka, a dubi zuciya, da harshe, da naman kumatu, musamman na shanu. Kadan an ga wasu fararen ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa a cikin tsoka, 'ya'yan tsila ke nan. Wanda ya ci su ba su gasu ba, tsila za ta girma a hanjinsa, tsawonta ya kan kai kamu da yawa, tana ci daga cikin abincinsa. Wuta tana kashe su, amma sai ta ratsa har tsakiyar nama. In sun yi yawa, a binne naman. Hantar da ta yi tauri, ko mai ƙuraje, ita ma rami ne wurinta.

Abin da ido ba ya gani

A nan ina so mu dakata, domin nan ne aka fi yin kuskure.

Ranar da na kawo wannan magana a wani aji kusa da Sifawa, wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, mu tun muna yara muna cin naman kwana, ba mu ga abin da ya same mu ba. In nama ya lalace ai hanci ya kan faɗi."

Na ce, "Gaskiyarka, Baba, hanci ya kan faɗi, amma a makare ya ke faɗi. Ka ba ni allonka mu yi lissafi."

Akwai ƙananan halittu da a ke kira ƙwayoyin cuta. Ba a ganinsu sai da madubin likita. Suna cikin kashin dabba, da ƙafar ƙuda, da ƙura, da hannun da ba a wanke ba. Abu uku su ke so: damshi, da ɗumi, da lokaci. Ɗanyen nama a tsakar ranar bazara ya haɗa musu duka uku. In sun sami haka, ko wace ƙwaya tana iya rabuwa biyu cikin minti 20. To, ku rubuta a allo. Ƙwaya 1, bayan awa ɗaya ta zama 8. Bayan awa biyu, 64. Bayan awa uku, 512. Bayan awa huɗu, 4,096. Bayan awa bakwai sun wuce miliyan biyu. Wannan duk daga guda ɗaya, ƙuda kuwa ba guda ɗaya ya ke kawowa ba. Har lokacin nan nama yana iya zama ba wari.

Dattijo ya dubi allo, ya ce, "Ashe sun fi fara haihuwa."

Ni kaina na sha wannan darasi da tsada. Wata shekara aka yi suna a gidanmu. Naman ya yi saura da dare, na kwashe shi da ɗuminsa na zuba a bokitin roba, na rufe gam don kada mage ta taɓa, na tura ƙarƙashin gado. Da safe aka ba yara ba a mayar kan wuta ba. Kafin azahar mutum shida suna amai da gudawa, ƙaramin cikinsu sai da muka kai shi asibiti aka sa masa ruwa. Ina da takardar malanta a akwati, ba ta hana ni yin wauta ba. Laifina ne, ba na mahauci ba.

Sabo da haka ga ƙa'ida. Masana lafiyar abinci sun ce kada nama ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi, in kuwa zafin gari ya wuce digiri 32, awa ɗaya ce kurum. A bazararmu kuwa ko da hantsi mun wuce nan. To, a hura wuta tun kafin a yanka, domin nama ya tarar da garwashi, ba garwashi ya tarar da nama ba. A yi fiɗa a inuwa, a kan tabarma mai tsabta ko ganye, ba a ƙasa ba. A yi hankali da tumbi da hanji kada su fashe kan tsoka, a kai su can gefe a wanke. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama, kada su taɓa gasasshe sai an wanke su da sabulu. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa: a gasa tsire da kyau, sa'an nan a mai da shi cikin tiren da jini ke kwance a ciki.

Banƙarar rago

Gidaje da yawa a ƙasarmu su kan banƙare ragon layya ɗungum. A tsaga ƙirji, a shimfiɗa shi kan sanduna biyu da aka gicciya, a kafa su kewaye da wuta. Maƙwabta su haɗa wuta ɗaya a ƙofar gida, raguna su yi sahu. Abin sha'awa ne, kuma akwai tsimin itace a ciki.

Sirrinsa shi ne zafi ke gashi, ba harshen wuta ba. A kafa ragon kamar taki ɗaya ko biyu daga wuta. A fara juya cikinsa wajen wutar, domin ƙashi ya ɗauki zafi, daga baya a juya bayansa. Cinya da kafaɗa su ne masu kauri, sai a tsattsaga su har kusa da ƙashi, a cusa gishiri. Kitse zai riƙa ɗiga, a tara shi a kwano, zai yi amfani wurin suya. Aikin nan na awoyi ne, wanda ya matsar da rago kusa don sauri zai sami baƙi a waje, ja a ciki.

Yadda za ka gane ya gasu: soka tsinke ko siririyar wuƙa a cinya har ta taɓa ƙashi. In ruwan da ya fito garau ne, ya yi. In ja ne, da saura. Masu ma'aunin zafin abinci sun ce tsakiyar tsoka ta kai digiri 63, ta kaza da zabo kuwa 74. Mu da ba mu da ma'auni, mu tsaga mu duba. Kaza mai jan jini jikin ƙashi ba ta gasu ba, ko da fatarta ta yi kyau.

Ga inda hatsarin ya ke. An saba a bar rago ya kwana, sai wanshekare a yanyanka a yi rabo. Cikin hunturu wannan ba ya ɓaci ƙwarai. A bazara kuwa, in an janye shi da magariba bai gama ratsuwa ba, aka jingine a ɗaki, to, cikin cinya zai kwana da ɗumi da damshi, kun kuwa ga lissafin da muka yi. A ganina gara a raba a ranar. Malamai sun ce a ci, a yi sadaka, a yi kyauta, ba su ce sai ya kwana ba. In kuwa lalle sai ya kwana, a bar shi gefen garwashi da zafinsa, wani babba ya yi tsaro, da asuba a sake gasa shi ko a soye kafin a ba kowa. Sadakar da za ta kwantar da almajiri ba ta yi daɗi ba.

Tsire da balangu

Wanda ba shi da rago guda, ya sayo tsoka a kasuwa, tsire ya fi masa sauƙi. A sayi naman safe, wanda aka yanka a mahauta, ba wanda ya yini kan tebur ƙuda na bi ba. A yanka shi fale-fale, kada ya fi kaurin ɗan yatsa. A daka ƙuliƙuli da barkono, da citta, da masoro, da kanumfari kaɗan, da gishiri. A tsire naman, a birkiɗa shi cikin garin, a yayyafa man gyaɗa. A jira harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi farin toka a sama, sa'an nan a jera. Ƙuliƙuli yana saurin ƙuna, sai a riƙa juyawa. Inda ya ƙone ƙurmus a kankare a yar, ba shi da amfani ga jiki. Balangu kuwa ba tsinke, kan waya a ke shimfiɗa shi. Amma kada a ɗauko wayar shinge mai farin shafe, ko ta tsohon firji, shafen yana narkewa ya shiga nama.

Albasa da tumatir ɗin da za a ci da shi ba sa ganin wuta, don haka a wanke su da ruwa mai kyau, a yanka da wuƙa dabam.

Ajiyar saura

Bazara ba mugunta kaɗai gare ta ba. Ranar da ke ɓata ɗanyen nama mai kauri, ita ce ke busar da siriri. Shi ya sa lokacin ya dace da kilishi. A feɗe tsoka marar kitse kamar takarda, a shanya kan gadon kara sama da ƙasa, a rufa gidan sauro mai tsabta domin ƙuda. In ya bushe a tsoma shi cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna masa wuta. Ruwa ya fita, gishiri ya shiga, ƙwayoyin cuta ba su da wurin zama.

Mata kuwa sun san suya. Inna, ki soya har kumfa ta kwanta, ƙarar mai ta yi shiru, alamar ruwa ya ƙare ke nan. A bar shi ya huce a buɗe ƙarƙashin rariya, kāna a zuba a tukunya busasshiya. A ɗiba da cokali, ba da jiƙaƙƙen hannu ba. Wanda ya yi furfura ko ya yi yauƙi, a zubar. Masu firji kuma kada su sakankance, in wutar lantarki ta ɗauke yini guda, firji ya zama akwati.

In tsautsayi ya faru

A hana ƙananan yara zuwa bakin wuta, a sa wata babba ta tsare su. Mai gashi ya tuɓe babbar riga, ya sha ruwa da yawa, domin zafi biyu ne a kansa.

In wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a shafa man goge haƙori, ko ɗanyen ƙwai, ko kalanzir, ko toka. Kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko a fuska ta ke, ko yaro ne, a tafi asibiti. In riga ta kama, kada ya yi gudu, ya faɗi ƙasa ya yi birgima.

In kuwa gudawa ce ta biyo bayan nama, rashin ruwa a jiki shi ne ke kisa. A sami garin gishiri da sukari na asibiti a haɗa yadda aka rubuta a jikin takardar, ga amfanin karatunku nan. In babu, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan. In akwai jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idon yaro ya faɗa, kada a jira gari ya waye.

In an gama gashi a kashe wuta da ruwa, a tona tokar da sanda a ga babu ja a ƙasa, sa'an nan a rufe ramin. Garwashin ƙirya ya kan kwana da rai a cikin toka, yaro kuwa da safe ba takalmi ya ke fita ba.

Aikin aji

Ko wane ɗalibi ya rubuta waɗannan kalmomi a allonsa sau uku: wuta, gawayi, garwashi, ƙuda, tsila, sabulu. A lura da lanƙwasar ƙ a cikin ƙuda, kada ta zama kuda.

Lissafi: in ƙwaya 1 ta zama 4,096 cikin awa huɗu, ta kuma riƙa ninkuwa sau 8 ko wace awa, nawa za ta zama cikin awa biyar?

In kun koma gida, ku auna da ƙafa daga inda kuka hura wutar bara zuwa rumbu mafi kusa. Ku rubuta yawan takin, ku kawo wa malaminku ran aji mai zuwa. 'Yan ajin Dandin Mahe da na Kajiji, ni da kaina zan zo in duba naku.